Yadda ake gano inda wuta ke maƙalewa tsakanin batir da sitata

Direba ya murɗa makulli, inji ya juya da kyar, ko kuma a ji "ƙas" sau ɗaya sai shiru. Kafin ka buɗe bonet ya riga ya yanke hukunci: "Masta, batir ne." A aro batir a wata mota a ɗora, abin bai canza ba, sai a koma kan sitata. A nan Suame Magazine, unguwar makanikai ta Kumasi, inda nake aikin wutar mota, sau da yawa akan kwance sitata lafiya lau a kai ta tebur, a jona mata wuta ta yi ta gudu, a mayar da ita jikin mota ta koma gidan jiya. Batir lafiya, sitata lafiya, hanyar da ke tsakaninsu ce ta lalace. Gwajin da zan nuna maka shi ne yake nuna wurin da wutar ke maƙalewa, kuma ba sai ka kwance ko noti ɗaya ba kafin ka gano.

KAYAN AIKI

Mita mai nuna lamba, wadda ke auna volt na DC. Ba sai mai tsada ba. 'Yar ƙaramar nan mai arha da ake sayarwa a shagunan kayan wuta ta isa, muddin batir ɗin cikinta bai yi sanyi ba, domin in ya yi sanyi takan riƙa ba da lambar ƙarya. In kana da mai maɓallin MIN/MAX ka huta, saboda tana riƙe maka lambar bayan an saki makulli.

Doguwar waya siririya, kamar kamu huɗu ko biyar, mai kilif irin bakin kada a kowane ƙarshe. Wayoyin mita ba sa kaiwa daga batir zuwa sitata a yawancin motoci. Kada ka damu da sirantar wayar, mita ba ta jan wutar a-zo-a-gani.

Sai sifana 8, 10, 12 da 13, burushin ƙarfe, sanfefa, giris kaɗan, tocila, da bekin soda. In babu bekin soda, jiƙa kanwa a ruwan ɗumi, aiki ɗaya suke yi wajen kashe kaifin ruwan batir. Ka nemi takarda da biro, don lambobin suna da yawa kuma kai ba ya riƙe su duka. Na ƙarshe, mutum ɗaya da zai zauna a kujerar direba ya murɗa makulli in ka ce murɗa, ya saki in ka ce saki.

Kafin ka sa hannu, cire zobe da agogon ƙarfe da sarƙa. Babbar wayar sitata a yawancin motoci ba ta da fis, kuma kullum da wuta a jikinta ko makulli na aljihunka. Zobe ya haɗa ta da jikin inji, zai yi ja a yatsanka kafin ka iya zare shi. Kada kowa ya sha taba kusa da batir, iskar da yake fitarwa tana kama wuta. In kuma motar haibirid ce irin su Prius, wannan gwajin ba nata ba ne, ba ta da irin wannan sitatar, kuma wayoyinta masu ruwan lemo ba abin taɓawa ba ne.

ABIN DA YA KAMATA KA FAHIMTA

Yara masu koyon aiki da yawa sukan juya mita zuwa om, wato ma'aunin turjiya, su taɓa farkon waya da ƙarshenta, mita ta yi ƙara, su ce waya lafiya. Ba haka ba ne. Wutar da mita ke turawa don auna om 'yar mitsitsiya ce, ko silin gashi ɗaya na jan ƙarfe ya rage a cikin wayar zai ɗauke ta. Ita kuwa sitatar ƙaramar mota mai fetur tana jan amfiya 120 zuwa 200, ta dizal takan haura 300. Kamar shataletalen Suame ne: ka bi ta wurin da tsakar dare a kan keke, ka rantse hanyar ba ta da matsala. Sai da safe, in motoci sun fito, sannan za ka san faɗinta na gaskiya.

Lissafin kuma gajere ne. Volt ɗin da ke ɓacewa a hanya shi ne amfiya sau om. Turjiyar om 0.01, wadda mitarka ba za ta ma iya gani ba, in amfiya 200 suka bi ta cikinta, volt 2 sun tafi. Batir ɗin da ke ba da volt 10.5 lokacin da yake aiki, sitata za ta samu 8.5 kawai. Volt biyun nan kuma ba ɓacewa suke yi a banza ba, zafi suke zama a daidai wurin da ya lalace.

Saboda haka ka riƙe abu biyu. Na farko, ana karanta mita ne a daidai lokacin da sitata ke juyawa, in ba ta jan wuta lambar ba ta da amfani. Na biyu, tsinken mita biyu suna zama ne a layi ɗaya: ɗaya a farkon abin da kake zargi, ɗaya a ƙarshensa. Abin da mita ta nuna shi ne abin da wannan yankin ya cinye. Lambar da kake fata ita ce wadda ta fi kusa da sifili.

Zan riƙa cewa "turke" ina nufin dalmar da ta fito daga jikin batir, "tamina" kuma ƙarfen da ke rungume da turken. Bambancinsu shi ne rabin wannan aikin.

MATAKI NA 1: TABBATAR DA BATIR

Baƙin tsinke a ramin COM, jan tsinke a ramin da aka rubuta V. Duba da kyau kada jan ya kasance a ramin 10A, domin in yana can ka taɓa turakun batir, ka haɗa su ke nan ta cikin mitarka. Juya mita zuwa 20 a ɓangaren DC.

In yanzu aka kashe motar ko aka sauke batir daga caji, kunna manyan fitilu na minti ɗaya ka kashe, ka ɗan jira. Sannan ka auna turke da turke. Cikakken batir yana nuna 12.6. In ka ga 12.4 ana iya ci gaba. In 12.2 ne rabi ya rage, in ya yi ƙasa da haka a kai shi caji tukuna. Batir mara ƙarfi ba ya tura isasshiyar wuta, saboda haka duk lambobin da za ka samu a gaba za su fito ƙanana, ka wanke wayar da ke da laifi.

MATAKI NA 2: HANA INJI TASHI

Ana so inji ya yi ta juyawa ba tare da ya kama ba, don ka samu sakan huɗu ko biyar na karatu. Sa giya a firi, ko a P in otomatik ce. Ja birkin hannu, ka sa wejin katako ko dutse a taya, musamman in yaro zai shiga ƙarƙashi.

A motar fetur, zare fis ko rilen famfon mai. Motar tana iya tashi ta ɗan yi numfashi da ragowar man da ke cikin bututu, bar ta ta mutu da kanta. A tsohuwar dizal, akwai waya guda da ke shiga jikin famfon injekta, ita ce ke buɗe wa mai hanya: zare ta ka naɗe bakinta da salatif. A sabuwar dizal mai kwamfuta ka nemi fis ko rilen mai. Wasu kan zare sensar kiranshaf, hakan ma yana yi, amma yakan bar fitilar gargaɗi a dashbod, sai ka shirya goge ta.

Kada a riƙe makulli fiye da sakan 10 a lokaci guda, kuma a ba sitata hutun minti ɗaya tsakanin gwaji da gwaji. Ba ta da fanka, ba a yi ta don dogon aiki ba.

MATAKI NA 3: KWATANTA ABIN DA YA FITA DA ABIN DA YA ISA

Tsinke biyu a kan turakun batir. Ka ce wa mataimaki ya murɗa. Rubuta lambar da mita ta tsaya a kai, ba wadda ta yi wuf a sakan na farko ba. Bai kamata ta sauka ƙasa da 9.6 ba. Lafiyayyen batir a zafin ƙasarmu yakan tsaya sama da 10.

Yanzu koma wurin sitata. Jan tsinke a kan babban bol ɗin da wayar batir ke shiga, wanda ake rubuta wa 30 ko B. Baƙin tsinke a jikin ƙarfen sitatar, inda ka kankare datti. A sake murɗawa.

A ce ka samu 10.6 a batir, 10.1 a sitata. Rabin volt ne ya ɓace a zuwa da dawowa, hanya lafiya, in akwai matsala tana cikin sitata ko inji. A ce kuwa 11.2 a batir, 8.4 a sitata. Ka lura batir ma bai wahala ba, saboda wutar ba ta samun hanyar fita, kuma kusan volt 3 sun maƙale a wani wuri. Shi za mu nema.

MATAKI NA 4: ƁANGAREN JA GABA ƊAYA

Jan tsinke a kan turken +, a tsakiyar dalmar, ka danna shi ya ɗan shiga. Ba a kan tamina ba. Wannan shi ne kuskuren da ya fi kowane yawa: ana maƙala kilif a tamina don ya fi sauƙin kamawa, sai a tsallake mahaɗar da ta fi kowace lalacewa a motar. Baƙin tsinke, ta doguwar wayarka, a kan bol 30 na sitata. Nan ma a kan shi kansa bol ɗin, ba a kan zoben wayar ba.

Kafin a murɗa za ka ga 0.00. Daidai ne, babu wutar da ke tafiya. A murɗa. Bai kamata ya wuce 0.5 ba, kuma a ƙaramar mota mai gajeriyar waya 0.2 zuwa 0.3 aka saba gani. In littafin motar ya ba da tasa lambar, tasa za ka bi.

In ka ga alamar ragi a gaban lambar, tsinken ka juya kawai, lambar tana nan yadda take. In kana son ganin ƙananan lambobi sosai, juya mita zuwa 2000m. A can 350 yana nufin volt 0.35. In ta nuna 1 kaɗai a gefen hagu, abin ya wuce volt 2, koma 20.

MATAKI NA 5: BIN SAWU GABA DA GABA

In ɓangaren ja ya wuce ƙima, kada ka yi saurin sayen waya. Ka riƙa matsar da tsinken biyu, kana gwada kowane zango shi kaɗai.

Fara da turke da tamina. Tsinken biyu za su yi kusa da juna, tazararsu ba ta kai faɗin yatsa ba, har direba ya yi maka kallon mai wasa. A murɗa. Mahaɗa mai kyau tana nuna 0.00 zuwa 0.05, in ta kai 0.1 ta fara tambaya. Nan ne ake ganin abin mamaki. Tamina ta yi fes a waje, an wanke ta an shafe ta da giris, amma ka ɗaga ta ka tarar da baƙin ɓawo mai tauri ya lulluɓe turken, ba ya fita sai da sanfefa. Ko kuma an sa batir mai siririn turke irin na motocin Japan a tamina mai faɗi, aka buga ƙusa ko sukuru a tsakani don ya kama. Duk amfiya 200 ɗin nan ta jikin ƙusar suke bi. Motar za ta tashi yau, ta tashi gobe, ranar da aka yi ruwan sama ta ƙi.

Daga nan sai tamina da gashin wayar da ke shiga cikinta. Taminar da ake ɗaure waya da faranti da bol biyu ta gaggawa ce, amma mun mayar da ita ta dindindin. Ruwan batir yana bi ta nan ya shige cikin wayar. In ka ga robar waya ta kumbura ko ta yi tauri kusa da tamina, tsaga ta kaɗan da reza. Sau da yawa za ka tarar da koren gari ya cika ciki, gashin jan ƙarfen yana karyewa a hannu.

Sai ita kanta wayar, daga wannan zobe zuwa wancan: kada ta wuce 0.2. Sai zoben da bol ɗin sitata. In akwai akwatin fis a kan turken +, ko makashin batir irin wanda ake sa wa trotro, wato bas ɗin haya, kowanne a auna shi daban. Makashin nan mai jan hannu, in ya tsufa, shi kaɗai yana iya cinye volt guda. Duk zangon da lamba ta yi tsalle, nan ɓarawon yake. Amma kada ka tsaya don ka kama ɗaya, sau da yawa ƙananan asara uku ne suka taru suka zama babba.

MATAKI NA 6: HANYAR DAWOWA, WATO AT

In da za a ce in zaɓi gwaji ɗaya in bar sauran, wannan zan zaɓa. Wutar da ta shiga sitata dole ta koma batir, kuma yawanta ɗaya ne a zuwa da dawowa. Tana bi ta jikin sitata, ta shiga giyabos ko inji, ta bi wayar at, wani lokaci ta ratsa bodi, sannan ta isa turken ragi, mai alamar −. Kowa na kula da jar waya, baƙar kuwa ba mai waiwayarta.

Baƙin tsinke a kan turken ragi, jan tsinke a jikin sitata inda ƙarfe ke sheƙi. A murɗa. Ni ina son ganin 0.2 zuwa 0.3. In ya kai 0.5 an zo iyaka, ko da babbar dizal ce.

In ya yi yawa, bi sawu kamar yadda ka yi a baya: jikin sitata da jikin inji, inji da zoben wayar at, wayar kanta, zoben da bodi, tamina da turke. Ka auna kuma tsakanin inji da bodi kai tsaye.

Akwai dalilan da suka sa at ke yawan ba mu wahala a nan. Injuna da giyabos ana sauke su ana mayarwa kullum a Magazine, kuma wayar at ita ce aka fi mantawa, ko a bar ta tana lilo, ko a ɗaura ta a wani ɗan faranti da bai taɓa ɗaukar wuta ba. Motar da ta fito daga wurin masu fenti, za ka tarar an ɗaure zoben a kan sabon fenti ko foti. Motocin da ake shigowa da su daga Amurka da Kanada, inda ake zuba gishiri a titi lokacin ƙanƙara, suna zuwa da wayar at mai saƙa wadda ta riga ta rube. Wadda ta daɗe a Accra ko Tema kusa da iskar teku ita ma haka. Mai da jar ƙura kuma sukan shige tsakanin sitata da mazauninta in bol ɗinta ya saki.

In babbar hanyar ta toshe, wutar ba ta haƙura, sai ta nemi wata. Takan bi ta wayar totur, ta wayar kulochi, ta wayar giya, ko ta siraran wayoyin at na kwamfuta. In direba ya ce maka wayar totur ɗinsa tana zafi ko robarta ta narke, kada ka tsaya canza ta, je ka duba at. Wanda ya bari ta bi ta kwamfuta kuwa, kuɗin da zai kashe ya ninka na waya sau da yawa.

MATAKI NA 7: SOLENOYID

A bayan solenoyid, wato ɗan gwangwanin da ke manne a jikin sitata, akwai manyan bol biyu. Ɗaya na wayar batir, ɗaya na gajeriyar wayar da ke shiga cikin motar sitata, wanda ake rubuta wa M. A ciki akwai faifan jan ƙarfe da ke haɗa su in an murɗa makulli, kuma duk murɗawa yana ɗan ƙonewa.

Jan tsinke a 30, baƙi a M. Mita a kan 20. A nan kada ka firgita: kafin a murɗa za ka ga volt 12 cif, saboda ba a haɗa su ba tukuna. Da an murɗa sai lambar ta faɗi. Ta tsaya ƙasa da 0.3. In ta fi haka, faifan da bakunan bol ɗin sun cinye. In an ji "ƙas" amma lambar ta tsaya a wajen 12, ba su haɗu ba sam. A sitatar Denso da ke kan Toyota da yawa, ana buɗe murfin a canza bakunan kawai, ba sai an sayi sitata ba.

Wurin matsattse ne, kuma tsinke ɗaya yana iya haɗa bol 30 da jikin inji. Naɗe tsinken da salatif ka bar ɗan bakinsa kawai, ko ka maƙala kilif tun kafin a murɗa ka janye hannunka daga fambel.

MATAKI NA 8: ƘARAMAR WAYAR MAKULLI

In ba a jin ko "ƙas", ko ana ji wani lokaci wani lokaci ba a ji, musamman in inji ya yi zafi, koma kan siririyar wayar solenoyid, mai lamba 50 ko S. Bar ta a jone, ka soka tsinke ta bayan soket ɗin. In ka zare ta ka auna za ka ga 12, ka ruɗi kanka, domin babu abin da ke jan wuta.

Jan tsinke a turken +, baƙi a 50, a riƙe makulli a wurin tayarwa. In asarar ta kai volt 1, akwai abin nema. Solenoyid yana fizgar amfiya 30 ko fiye a farkon kamawa, ba ƙaramar wuta ba ce ga tsohon makulli. Bi hanyar: fis, makulli, rile, da suwic ɗin giya a otomatik ko na kulochi a wasu motocin. In otomatik ta ƙi tashi a P amma ta tashi a N, ka san inda za ka dosa. Ka duba ƙarƙashin sitiyari kuma, inda masu sa alam da na'urar bin sawun mota suke yanka wannan wayar su murɗe ta da hannu su naɗe da salatif.

In makullin ne ya gaji kuma ba a samu sabo ba, ƙara rile mai ƙafa huɗu kusa da sitata: 30 daga batir ta cikin fis, 87 zuwa solenoyid, 86 daga tsohuwar wayar makulli, 85 zuwa bodi. Wannan ya fi maɓallin da ake huda dashbod a sa, wanda ke tsallake suwic ɗin giya har mota ta tashi a cikin giya.

LAMBOBIN DA KE RUƊARWA

Sifili ba kullum yake nufin lafiya ba. In sitata ba ta juya ba sam, kuma duk inda ka auna kana ganin 0.00, ma'anarsa babu wutar da ke tafiya. Ba ka gwada wayoyin ba tukuna. Duba M: in volt 12 na isa can kuma at lafiya, laifin yana cikin sitata, galibi burushin cikinta ne ya ƙare.

Akasin haka kuma, in batir mai kyau ya faɗi ƙasa da 9.6, wayoyi duka suna zafi, kowane zango ya ɗan haura ƙima ba tare da wani ya yi fice ba, to sitata ce ke jan wuta fiye da kima. Ko bushin ya cinye har amecha, wato abin da ke juyawa a cikin sitata, tana gogar jiki, ko injin ne ya yi nauyi. Sa sifana a bol ɗin kiranshaf ka juya da hannu. Motar da ta ratsa ambaliya ta sha ruwa a silinda, kada a ƙara murɗa mata makulli sai an cire fulogi.

MATAKI NA 9: GYARA, SANNAN A SAKE AUNAWA

Cire taminar ragi da farko, ita kuma za ka mayar a ƙarshe. A sababbin motoci akwai 'yar sensa a kan taminar ragi, kada ka buge ta da guduma, kada kuma ka jona sabuwar wayar at ta tsallake ta.

Wanke turke da tamina da ruwan soda ko kanwa, ka kula kada ya shiga cikin batir. Goge ciki da waje har ƙarfe ya yi sheƙi. Inda zobe ke zama a bodi, kankare fenti da tsatsa. Ɗaure da kyau tukuna, sannan ka shafa giris a sama. Tamina in ta kama, hannu ba ya iya juya ta.

Wayar da ta yi kore a ciki ba a wanke ta. In tana da tsawo a yanke har inda jan ƙarfe ke sheƙi a matse sabon zobe, in babu a canza ta duka. Wajen saye, ko a Magazine ne ko Abossey Okai ta Accra, kada kaurin roba ya ruɗe ka. Kankare gashi ɗaya da wuƙa: in cikinsa fari ne, alminiyam ne aka yi wa rufin jan ƙarfe, kuma alminiyam bai kai kashi biyu cikin uku na jan ƙarfe ba wajen ɗaukar wuta. Ka ɗaga ta ma za ka ji ba nauyi. In ba ka samu ta asali ba, wayar masu walda ta jan ƙarfe tana aiki sosai, muddin kaurinta bai gaza na wadda ka cire ba.

Sannan ka maimaita mataki na 4 da na 6, ka rubuta sababbin lambobin kusa da tsofaffin, ka nuna wa mai mota. Mayar da fis ɗin famfon mai kafin ka fara mamakin abin da ya hana ta tashi.

IN WANI ABU YA RASA

In babu mita, ɗauki wayar jampa mai kauri. Maƙala ta daga turken ragi zuwa jikin inji, a murɗa. In inji ya juya da ƙarfi, at ce. Wannan ɓangaren ba shi da haɗari. A ɓangaren ja ma ana yi, daga turken + zuwa bol 30, amma sai ka cire taminar ragi kafin ka maƙala, ka tabbatar kilif ɗin ba ya taɓa komai, sannan ka mayar. Wata hanyar ita ce a murɗa na sakan 10, a saki, ka bi mahaɗai da bayan yatsa a hankali. Wadda ta fi sauran zafi ita ce. Fitilar gwaji kuwa ba ta kamawa sai asarar ta yi yawa sosai, rabin volt ba ya kunna ta.

In babu mataimaki, maƙala kilif biyu, ka jingina mita a gilashin gaba tana kallon ciki, waifa ta riƙe ta. Ko ka sa waya ta ɗauki bidiyon fuskar mitar.

A Sprinter daga ƙirar 2006, batir yana ƙarƙashin ƙafar direba, a Urvan da yawancin Hiace kuma injin yana ƙarƙashin kujera, saboda haka doguwar wayarka ta zama dole. Kada ka auna daga wurin jampa da ke cikin bonet don ya fi kusa, je har kan turke. A manyan motoci masu volt 24, juya mita zuwa 200 wajen auna batir biyun a haɗe, sannan ka auna kowanne shi kaɗai lokacin da ake murɗawa. Gajeriyar wayar da ta haɗa batir da batir ita ma tana ɗauke da wutar duka, kuma tana da tamina biyu nata. A auna ta turke zuwa turke, kada ta wuce 0.2.